Ƙadangarun roba: ta ina mai tarawa zai fara, kuma yaya ake gane na kirki?

Tambayar ta zo ne daga wani tsohon ɗalibina wanda yanzu shi ma yake koyarwa a wata makarantar firamare a nan Damagaram. Bayan gaisuwa ya kira ni da sunan da ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce: "Mushe, na tsinci ƴan ƙadangarun roba guda bakwai a tulin kayan wasan gwanjo a Kasuwar Dole. Akwai hawainiya biyu, akwai kuma wani mai ƙayoyi a gadon baya, mai kayan ya ce mini damo ne. Sun shiga raina, ina so in riƙa tarawa kamar yadda na ga kana yi. Ta ina zan fara, yaya zan bambanta na kirki da na banza, kuma yaya zan adana su a wannan zafin namu?"

Ɗana, na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, Allah ya yi maka albarka. Zan fara da wancan mai ƙayoyin, domin a kansa ne za ka koyi abin da ya fi komai amfani a wannan harka.

Ba damo ba ne. Kama da wane ba ta wane. Damo da guza dangi ɗaya ne, masu dogon wuya da harshe mai baki biyu irin na maciji, bayansu sumul babu jerin ƙaya, abincinsu kuwa ƙwari ne da ƙwai da nama. Abin da ke hannunka iguwana ce, kuma babu ita a dajin ƙasarmu, babu ita ma a doron nahiyar Afirka. Koriyar iguwana, wadda masana ke kira Iguana iguana, mazauninta daga Meziko ne har zuwa Barazil, a kan bishiyoyin bakin ruwa take wuni, ganye da ƴaƴan itace take ci. Ɗauko naka ka duba. Ƙarƙashin haɓa ya kamata ka ga fata mai faɗi tana reto. Daga ƙeya zuwa wutsiya akwai jerin ƙayoyi, dogaye a wuya, suna raguwa a hankali. A ƙasan kunne kuma akwai wani babban ɓawo guda ɗaya, zagayayye kamar kwabo. Wannan ɓawon shi ne shaidarta, kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Sai wutsiya: mai rai takan kai mita ɗaya da rabi, wata har ta doshi mita 2, kuma kusan kashi biyu bisa uku na wannan tsawon duk wutsiya ce, mai zobba baƙaƙe. Idan wutsiyar taka ta fi gangar jiki gajarta, to maƙerin ya rage ta ne don ta shiga kwali, bai bi halitta ba.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, ɗan'uwan iguwana na kusa a nan garin ba damo ba ne, ba guza ba ce. Ƙadangaren da ke bin katangar gidanku ne. Masana sun haɗa iguwana da hawainiya da ƙadangarenmu a babban rukuni guda mai suna Iguania. A cikin rukunin ma ƙadangare ya fi kusa da hawainiya, domin su biyun haƙoransu a manne suke a kan tsinin muƙamuƙi, na iguwana kuwa a gefen ciki suke, idan ɗaya ya faɗi wani ya tsiro. Ka je unguwar Birni da hantsi ka zauna kusa da manyan duwatsun nan ka kalli jan gwada. Da sanyin safiya za ka gan shi dushi-dushi, ba ka ce shi ne ba. Rana na dukan dutsen sai kan ya yi ja kamar garwashi, jikin ya koma baƙin shuɗi, ya daddage ƙafafun gaba yana gyaɗa kai. Namijin iguwana ma haka yake gyaɗa kai idan yana kare wurinsa. Sauyin launin kuwa, ai ka ga inda zumuncinsa da hawainiya ya fito.

Shi ya sa shawarata ta farko ita ce ka yi wa tarinka iyaka tun yau. Wanda ya ce duk dabbar roba da ya gani zai saya, cikin shekara guda zai cika buhu da tarkace, kuɗinsa su tafi, bai san sunan rabinsu ba. Ka tsaya a kan wannan rukuni, ya ishe ka aikin shekaru. A ɓangaren iguwana akwai ta teku a tsibiran Galafagos na ƙasar Ekwado, baƙa mai guntun baki, wadda ke nutso ta ci gansakukar ruwa sannan ta fito ta riƙa atishawar gishiri ta hanci. Masanin halittu Charles Darwin ya gan ta a 1835. A tsibiran dai akwai wata mai ruwan hoda da sai 2009 aka tabbatar jinsi ce mai zaman kanta. A ɓangaren dangin ƙadangarenmu akwai mai buɗe fatar wuya kamar laima a arewacin Ostireliya, akwai mai gemun ƙaya, akwai kuma Uromastyx mai kaurin wutsiya da zobban ƙaya, wanda jinsinsa ɗaya ke zaune a duwatsun Ayar, nan ƙasarmu.

Hawainiya kuwa ita ce gwanar tona asirin maƙeri, don haka zan daɗe a kanta. Jinsinta ya kai wajen 200, kusan rabi a Madagaska suke. Tamu ta nan yankin Sahel, wadda kake gani a kan shinge da damina tana tafiyarta gaba ɗaya baya ɗaya, masana na kiran ta Chamaeleo africanus. Idan ka ɗauki siffar hawainiya, kafin ka kalli fenti ka juya ta ka ƙirga yatsu. Kowace ƙafa yatsu biyar ne, amma a haɗe suke gida biyu kamar awartaki. A ƙafar gaba uku ne ta ciki, biyu ta waje. A ƙafar baya lissafin ya juya, biyu ta ciki, uku ta waje. Maƙerin da ya zauna ya kalli dabbar zai fitar da wannan. Wanda ya kwaikwayi hoton wani hoto sai ya yi mata tafi a baje kamar na ƙadangare, ko ya yi biyu da biyu ya huta.

Wata rana a aji na miƙa wa yara siffofi biyu na ce su gaya mini wadda ta fi gaskiya. Duka ajin suka zaɓi mai kyan launi, kore shar da ratsin rawaya. Wata yarinya daga benci na baya ta karɓi ɗayar, mai dusasshen fenti da wutsiya a ɗan goge, ta kifa ta a tafin hannunta tana bin yatsun da bakin biro, leɓenta na motsi. Ta ɗago ta ce, "Mushe, wannan ce, don na taɓa ganin ƙafar hawainiya a gonar kakata, haka take a tsage." Ita ce ta faɗi daidai. Mai kyan launin ba ta da sunan kamfani a cikinta, yatsunta kuma huɗu ne a baje.

Bayan yatsu sai ido. Idon hawainiya tudu ne kamar ɗan ƙoƙo a kife, fata ta rufe shi duka sai ƴar ƙofa a tsakiya, kuma kowane ido na iya juyawa nasa waje. Siffar da aka yi wa babban ido mai sheƙi irin na kwaɗo ta kauce. Hawainiya ba ta da ramin kunne a waje, idan ka ga an huda mata to an ara ne daga wani ƙadangaren. Jikinta a matse yake ta gefe da gefe kamar ganye, ba ta sama da ƙasa ba. Wutsiya idan ta naɗe, ƙasa take yi, ta wajen ciki, ba ta hau gadon baya kamar ta kunama ba. Harshe kuwa, idan an yi ta tana harbin ƙwaro, kada tsawonsa ya tsorata ka: a wasu jinsunan yakan ninka tsawon gangar jiki, kuma ƙarshensa dunƙule yake, ba tsini ba.

Daga nan sai ka gane jinsi. Mai dogon kwalkwali a ka ta ƙasar Yaman ce da kudancin Saudiyya. Mai ƙaho uku ta tsaunukan Kenya da Tanzaniya ce, kuma namiji ne ke da manyan ƙahonin. Mai ratsin ja da shuɗi da kore mai ɗaukar ido, Furcifer pardalis ce ta Madagaska. A kanta ne masu bincike na jami'ar Janeba suka nuna a 2015 cewa sauyin launin yana zuwa ne daga wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da lu'ulu'u a cikin fata, waɗanda ke matsewa ko su ware, sai hasken da ke dawowa ya sauya. Kuma ba wai duk abin da ta hau take kwaikwaya ba kamar yadda muka taso muna ji. Fushi, neman mace, zafi da sanyi, su ne suka fi juya ta. Ƙaramar cikinsu, Brookesia nana, a 2021 aka bayyana ta, namijin duk da wutsiyarsa bai wuce milimita 22 ba, zai zauna a kan ɗan yatsanka ya bar fili.

Yanzu batun na kirki da na banza. Juya cikin dabbar. Kamfanonin da suka san abin da suke yi suna buga hatimi a nan: sunansu, shekara, ƙasar da aka ƙera, da alamar CE ta Tarayyar Turai. Waɗanda za ka fi cin karo da su a gwanjo su ne Schleich na Jamus, wanda aka kafa tun 1935, da Bullyland shi ma na Jamus, da Papo na Faransa, da Safari Ltd na Amurka, da CollectA. Safari na da wata al'ada mai kyau, sukan rubuta sunan dabbar a cikinta, kuma a jerinsu na Incredible Creatures sun yi manya-manya har da hawainiyar Yaman da ƙadangare mai gemu. Na Japan kuwa, irin su Kaiyodo da Bandai, ƙanana ne da ake sayarwa a cikin ƙwallon roba, wasu sai ka haɗa gaɓoɓinsu da kanka, amma wajen bin halitta ban ga wanda ya kamo su ba. Ka lura, shekarar da ke jikin hatimi ta lokacin da aka sassaƙa samfurin ce, ba ta ranar da aka zuba naka ba. Samfuri ɗaya ana iya shekara goma ana zuba shi.

Jabu ma yakan zo da hatimi. Ana gane shi da nauyi, domin na ainihi cike yake, yana da nauyi a hannu, jabu kuwa sau da yawa holoƙo ne. Ana gane shi da hanci, don yakan yi warin sabon takalmin roba. Layin da ɓari biyu na zubi suka haɗu yakan fito kamar ɗinki, har ya kankari yatsa. Rubutun hatimin yakan dushe, ɓawon fata ya shafe, domin daga jikin wani aka kwafo shi, kuma idan ka jera shi da na ainihi za ka ga ya ɗan fi ƙanƙanta. Duk da haka kada suna ya rufe maka ido. Na riƙe masu babban suna da aka yi wa hawainiya ido irin na zanen yara don ta burge mai saye, na kuma riƙe marar suna wanda yatsunsa da wutsiyarsa daidai suke. A wurina na biyun ya fi daraja, ko da masu saye da sayarwa ba za su yarda ba.

Inda ake samu, ka riga ka gano hanya. Ka saba da masu kwance dilar kayan wasa, musamman ranar Alhamis, ka nuna musu hoton abin da kake nema a waya, ka bar musu lambarka. Idan wani naka zai je Kano ko Yamai, ka tura masa hoto, kada ka ce masa "ƙadangare" kawai, zai dawo maka da kada ko da dodon zamanin da. Af, tunda na ambaci wannan: za ka ci karo da wata siffa mai suna Iguanodon. Ba iguwana ba ce, ba ma ƙadangare ba ne, dinoso ne. Gideon Mantell ne ya raɗa masa sunan a Ingila a 1825 saboda haƙoransa sun yi kama da na iguwana. Amma idan ka ga ɗan'uwansa Ouranosaurus nigeriensis, mai tudun baya kamar tanti, ka saya ko da ya fita daga iyakar tarinka, domin a Gadufawa ta yankin Agadas aka haƙo shi, masani Philippe Taquet ya bayyana shi a 1976, kuma namu ne.

Ka sayi littafi na musamman. Kowace siffa ka ba ta lamba, ka rubuta jinsinta, kamfani, shekarar hatimi, tsawonta da santimita, inda ka samo ta da ranar. Ka kuma lissafa ma'auninta: iguwanar roba mai santimita 15, idan mai rai ta kai 150, kashi ɗaya bisa goma ke nan. Wannan lissafin yana da muhimmanci a gaban yara, domin idan ka ajiye musu hawainiya da iguwana masu girma ɗaya ba ka yi bayani ba, za su tashi da zaton tsawonsu ɗaya.

Adanawa ita ce inda na taɓa yin asarar da har yau take mini ciwo. Yawancin waɗannan siffofi da robar PVC ake yin su, ana zuba mata wani sinadari mai kama da mai don ta yi laushi. Zafi na sa wannan man ya tsattsafo. Wata shekara da bazara na yi tafiya, na zuba kusan rabin tarina a leda guda na ƙulle, na ɗora a saman kabad a ɗaki mai rufin kwano, tare da wata rula ta roba mai tauri da ban lura ta shiga ciki ba. Ka san watan Afrilu da Mayu a garin nan, ma'auni kan wuce 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Da na dawo na kwance ledar, duk sun yi danƙo kamar an shafa musu zuma. Iguwanata mafi kyau ta manne da rular, gefen rular ya narke ya bar mata tabo a haƙarƙari, fentin wata jar hawainiya kuma ya koma jikin maƙwabciyarta. Tabon bai fita ba har yau.

Don haka kowace ɗaya ka naɗe ta daban a tsumman auduga ko farar takarda, kada su taɓa juna, kada su taɓa roba mai tauri, kada ka rufe su ruf a leda. Akwatin ƙarfe a ɗakin ƙasa, a ɗan ɗage shi daga daɓe, ya fi kabad a ɗakin kwano nesa ba kusa ba. Kwali kuwa abincin gara ne. Rana kai tsaye tana cin launi, ja da rawaya suke fara tafiya. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin ɓawo ta zauna, maganinta ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu kaɗan da tsohon buroshin haƙori mai laushi, sannan a shanya a inuwa. Kada ka kusanto da esansi ko kananzir ko ruwan goge farce, za su tafi da fentin gaba ɗaya. Idan ƙafa ko wutsiya ta lanƙwashe, ka tsoma wurin a ruwan zafi na ɗan lokaci, ka miƙe shi da hannu, ka tsoma a ruwan sanyi yana riƙe a yadda kake so, zai tsaya. Wadda ta karye a liƙa ta, amma ka rubuta a littafinka cewa an gyara.

Tunda ƙananan yara kake koyarwa, ka kiyaye: marasa hatimi da tsofaffi sosai ba na sa wa a baki ba ne. Turai ta taƙaita wasu daga cikin sinadaran laushin nan a kayan wasan yara da dokar 2005, wanda ba a san inda ya fito ba kuwa babu mai ba ka tabbacin abin da ke cikin robarsa ko fentinsa. Na Japan masu ƙananan gaɓoɓi kada su kusanci yaro ɗan ƙasa da shekara 3.

Akwai maganar da ba ka tambaya ba, amma na san za a yi maka ita a gida, wato hukuncin ajiye siffar abu mai rai. Magana ce ta gaske, kada ka yi wa mai yin ta kallon wanda bai waye ba. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kan cikakkiyar siffa mai inuwa, sun kuma yi rangwame a kan ƴar tsanar yara, bisa hadisin da ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da su. Ni malamin kimiyyar halittu ne, ba mai fatawa ba. Ka je wurin malaminka ka faɗa masa gaskiyar abin da kake yi da su, ka bi abin da ya ce maka. Ni dai nawa a akwati suke, ba na jera su a falo don ado, ina fito da su ne ranar darasi.

Darasin kuwa yana aiki. Yaranmu da yawa sun taso da tsoron hawainiya, suna ganin ta sai jifa, alhali ba ta da dafi, fara da ƙuda take ci a gonar ubansu. Yaron da ya riƙe ta roba ya ƙirga yatsunta, gobe idan ya ga mai rai a kan shinge yakan tsaya ya duba ko lissafin ya yi daidai. Kada kuma sha'awa ta kai ka ga sayen busasshiyar hawainiya a wurin masu magani ka haɗa da tarinka, ko ka kama mai rai ka sa a kwali. Cinikinsu tsakanin ƙasashe ma a ƙarƙashin CITES yake, wato yarjejeniyar duniya mai sa ido kan cinikin namun daji, kuma wadda aka tsare a kwali ba ta daɗewa.

Gurbi ɗaya zai daɗe a buɗe a akwatinka, na jan gwada. Duk shekarun da na yi ina tona tulin gwanjo, na Madagaska da Ostireliya da Galafagos ne ke zuwa hannuna. Nawa sai da na je Mirya, na kai wa wata tsohuwa mai ginin tukwane hotuna uku, ɗaya ta sama, ɗaya ta gefe, ɗaya kuma yana daddage. Ta kalle su ta tura mini abina, ta ce ita da ke kwana tana tashi da su a bakin randa ba ta buƙatar hoto. Bayan mako biyu na koma na karɓo shi a gashe, kai a ɗage, wutsiya ta fi jiki tsawo, yatsa na huɗu a ƙafar baya ya zarce sauran. Na yi masa fenti da kaina. Idan za ka je, ka ce a yi wutsiyar da ɗan kauri daga tushe, don ta yumɓu a nan take karyewa, kuma ka tafi da tsumma mai yawa na naɗewa saboda hanya.